Inna ta kife wa akwati ƙwarya

A zamanin da kumandan ke zaune a Magaria, mu muna Guci, kuma a duk gidanmu mutum ɗaya ne ya shiga lakwal, wato makarantar boko: yayana, ɗan farin Inna. Ku 'yan yanzu sai an yi muku bayani. A lokacinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta nuna tana son shi. Kunya ce. In Inna ta dama fura, ni take cewa: "Ke, kai wa wancan." Ko yana zaune a gabanta, wancan ne.

Da ya gama karatu a Zinder, sai ya bi wani Bature mai yawon ɗaukar waƙoƙi, yana yi masa tafinta. Nan ya kamu da son aikin murya, kamun da ba magani. Hanya ta rabu masa biyu. Akwai lakwal ta sana'a a Yamai, inda ake koyon haɗa wayoyi da gyaran injin da hannu, a dawo gida duk kaka. Akwai kuma babbar makaranta a bayan teku, wadda yau kuke ce wa jami'a, inda ake koyon asalin yadda murya ke tafiya cikin iska. Wanda ya tafi can, sai an manta da kamanninsa yake dawowa.

Kawu, ƙanin Inna, akawu ne a ofishin kumandan, ya kafe a kan bayan teku. Baba ya ce duk wadda aka zaɓa. Yaya kuwa so yake ya ji ta bakin Inna, ga shi ba bakin tambaya. Ni ya aika. Ta ce: "Ina ruwana? Ya tafi har inda ƙasa ta ƙare." Ta ci gaba da tankaɗe, amma garin a ƙasa yake zuba.

Ana nan zazzaɓi ya kwantar da Baturen, aka kai shi Zinder, ya bar wa Yaya ajiyar akwatin ɗaukar murya. Wata hantsi Yaya ya ajiye shi a gindin rumbu, ya ce in yi daka in rera waƙa ya gwada. Ya murɗa wani abu, fayafai biyu suka fara juyawa. Ya ja wata doguwar waya mai ƙarfe a baki kamar ƙaramin ludayi, ya rataye a jikin danga dab da turmi. Sannan ya ce zai je gaida mara lafiya. Wane mara lafiya, har yau ban sani ba.

Inna ta fito ta ƙwace taɓarya, wai dakana na ragwaye ne, ta kore ni rijiya. Amma mace ce mai hattara. Ta san akwatin yana ji, don haka ta ɗauko babbar ƙwarya ta kife masa, ta ɗora dutse, yadda ake ɓoye wa kaji tsaki. Ludayin da ke rataye a danga ko kallonsa ba ta yi ba.

Ranar kasuwa Kawu ya zo a yanke magana. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Inna tana can bakin murhu ta ba mu baya. Kawu ya ce: "Kai ɗan nan, so kake ka ƙare a mai ɗaure waya? Kunna abin ma mu ji, ubanka ya san ba aikin maƙera ba ne."

Yaya ya kunna. Muka ji taɓarya, dum, dum. Sai muryar Inna, tana waƙar daka. Ba sunan miji take yabo ba, ba na sarki ba. Sunan nan ne da ba mu taɓa ji a bakinta ba, tana jan shi kamar tana lasar zuma, tana cewa kada ya haye ruwan da ba a hango gaɓarsa, in ya haye wa za ta ce a kai wa fura.

Baba ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa.

Inna ba ta juyo ba. Ta gyara itace a wuta, ta ce: "Ke! Gaya wa mai akwatin nan kayansa sun lalace, ƙarya suke yi wa mutane. Ya je inda ake koyon gyara da hannu. Da kaka ya zo ya nuna mini ya gyaru."

Kawu ya ce wa Inna: "Haba Yaya, ai a bayan teku ma..."

Baba ya ce: "Akawu, ka ji dai. Akwati ya yi wa matata ƙazafi, gyara ba ya jira."

Da kamiyo, babbar motar gyaɗa, Yaya ya tafi Yamai. Duk kaka sai ga shi, hannu duk tabon ƙuna. Inna takan dama fura ta miƙo mini, ta ce: "Tambayi wancan, an gyara?"

Shi kuma ya dube ni, fuska ba dariya, ya ce: "Gaya mata saura kaɗan. Sai na sake dawowa."

Haka suka yi ta yi ta bakina har Allah ya karɓi abinsa, Inna ta rasu. Akwatin bai taɓa gyaruwa ba.