Kalar da Na Yi a Gonar Inabi

Shekarun baya, shekarar da aka yi sunan jikata ta biyu, tun kafin cutar nan da ta kulle mu a ɗaka, ɗana direba ya samu aikin kai wasu Turawa gonar inabi can bakin teku, a Long Island. Na ce ƙafata ƙafarsa. Ni da na tashi da fartanya a hannu, a ce ina zaune a unguwar Highbridge ban taɓa taka gonar Amurka ba? Kafin mu tafi sai da na bi matan benenmu ƙofa-ƙofa, na ce kowacce ta wanke kwano, inabi na tafe.

Muna isa na ga ganguna a jere, Turawa na kurɓa suna tofarwa a bokiti. Na ce, "Kai, me ake yi a nan?"

Ɗana ya ce, "Inna, ai na gaya miki giya suke yi da inabin. Don Allah ki zauna a mota."

Na yi a'uziyya, amma ban zauna ba, alkawari na ɗauko. Na kutsa cikin gonar, sai ga ma'aikata suna yanko nonon inabi suna yarwa ƙasa. Na ce to, abin da mai gona ya yar ai na mai kala ne. Na shimfiɗa mayafi na hau tsinta.

Mai gonar, wata doguwar Baturiya, ta iso tana ta magana da hannu. Ɗana ya rugo yana gumi. "Inna, ta ce ɗanye ne, ragewa suke yi don sauran su yi zaƙi. Ba ya ciwuwa."

Na ce, "Gaya mata tun ba a haife ta ba nake noma."

Ban san me ya fassara mata ba, ta dai yi dariya ta ba ni kwali.

Da yamma mata suka hallara da kwanoninsu. Ƙawata 'yar Maraɗi ta jefa ɗaya a baki, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Hajiya, wane laifi muka yi miki?"

Na ɗanɗana, haƙorana suka mutu murus. Sai na ɗaure fuska na ce, "Wa ya ce ki ci? Tsamiyar Turawa ce, ta kunu. Duk daɗewarku a ƙasar nan ba ku san ta ba?"

Washegari na dama kunu da ruwan inabin. Allah Ya rufa min asiri, aka shanye har ana neman ƙari.

Baturiyar nan ta fi ni gaskiya, amma sai yau na furta. Matan benen wasu sun koma gida, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Saura ni da 'yar Maraɗin, ita kuwa duk shekara sai ta bugo min waya: "Hajiya, bana ba za a kawo mana tsamiyar Turawa ba?"