Kyanwar Sumana Mai Bugu

Duk wanda ya taɓa kai shadda bugu a Gaya ta bakin iyaka ya san Sumana. Ɗan Bengu ne, noman shinkafa ya gada, da ambaliya ta ishe shi ya tattara ya shigo gari ya koyi bugu. Shagonsa na jikin nawa, ina ɗinki yana bugu, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba. Mutum ne mai gemu da kamewa, ko dariya zai yi sai ya duba hagu da dama. In ya jiƙa riga da ruwan ƙaro, ya shimfiɗa ta a kan gungume ya bi ta da mabugi, sai ta fito tana ƙyalli kamar an shafa mata mai. Manyan masu motocin gari wurinsa suke kawowa, kuma da sunan nan yake ci.

Sai dai yana da kyanwa. Fara ce sol, mai gashi buzu-buzu, irin wadda direbobi ke kawowa daga Kwatano. Ta 'yarsa Munira ce, da aka kai ta gidan miji a Yelu ta bar masa ita amana. Ya ce wa mutane saboda ɓeraye ya ajiye ta a shago. Ƙarya ce, ban taɓa ganin ta kama ko ƙadangare ba. Son ta yake yi, kuma kunyar son yake ji.

Da zafi ya shigo, gashi ya fara zuba. Sumana ya haɗa kayan gyara ya ɓoye a cikin wani tsohon gwangwanin madara: mataji mai manyan haƙora don warware ƙulli, totuwar masara don bin baya, da guntun robar taya da yake jiƙawa ya shafa, gashin da ya saki ya manne a jiki. Ya iya ƙwarai, daga wuya zuwa wutsiya yake bi, yadda gashin ya kwanta. Abu ɗaya ya ɓata aikin: a cikin shago yake yi, ƙofa a rufe, rigunan mutane na rataye da laimar ƙaro.

Na ce masa, "Malam Sumana, ka fito da ita waje mana, iska ta ɗebe gashin."

Ya ce, "Da gemuna? A gan ni bakin titi ina taje mussa? Haba, Rabo."

Na bar shi, amma raina ya ɓaci, don na san abin da mabugi yake yi. Gashin da ya sauka a kan ƙaro, in aka buge shi, ya zauna ke nan, ba ya fita sai da wanki.

Alhaji Idrisa, mai kamyo-kamyo, wato manyan motocin kaya, da yawa a hanyar Malanbil, ya kawo babbar riga baƙa wuluk don sunan jikansa. Da ya zo karɓa, cikin duhun shago ba a ga komai ba. Da ya sa ta ya tsaya a rana gaban jama'a, sai ga fararen gashi tun daga kafaɗa har ƙasa. Abokan wasansa suka ce furfurar ce ta gaji da kai ta sauko.

Da la'asar ya zo da rigar a hannu, mutane na biye da shi. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya ɗaga rigar ya ce, "Sumana, mene ne wannan?" Sai ga kyanwar ta fito tana miƙa. Alhaji ya dube ta ya ce, "Taka ce?"

Na ga gumi a goshin Sumana. Ya dubi mutane, ya sunkuyar da kai, ya ce, "A'a Alhaji, ba tawa ba ce. Ta shigowa ce kawai, na kore ta na gaji."

Wallahi kunya ta kama ni kamar ni na faɗa.

Alhaji ya ce, "To abin ya zo da sauƙi. Motata za ta tsallaka gadar Malanbil yanzu, a sa ta a buhu a sauke ta can ƙetare, ka huta, mu ma mu huta."

Aka kawo buhun masara. Direban Alhaji ya kai hannu, ta yakushe shi ta shige ƙarƙashin tebur. Wani ya gwada da sanda, ta ƙi. Alhaji ya ce, "Kai mai shago, gwada."

Sumana ya durƙusa. Bai ko kira ta ba, hannu kawai ya miƙa. Ta fito da gudu ta hau cinyarsa, ta miƙa wuya tana gurnani. Alhaji ya dube shi, ya ce a hankali, "Wannan mussar ta san ka, Sumana."

Ƙofa ce Alhaji ya buɗe masa don ya ce tasa ce, kowa ya gane. Kalma ɗaya ta isa. Sumana bai ɗago kai ba, ya sa ta a buhu, ya ɗaure bakin da hannunsa.

Alhaji bai daina kawo masa aiki ba, rigunan ma suna fitowa tas. Bayan sallah Munira ta zo ganin gida, ta biyo ta shago da ƙullin busasshen kifi a hannu. Ina kan keke na ji ta ce, "Baba, ina take?" Na tsayar da ɗinki ina jiran amsa. Sai na ji ya ɗauki mabugi ya ci gaba da bugu.