Igiyar Awon Malam Mu'azu

Malam Mu'azu mutum ne da zaman ɗaki ke sa shi hamma. Tun yana yaro a Tsohon Birnin Gwari aka san shi da haka. Mahaifinsa ɗan koli ne, ya so ya zaunar da shi a rumfa ya koyi ciniki, amma da an waiga sai a ga rumfa ba kowa, Mu'azu yana can bakin rafi a tsugune yana kallon gwano na tafiya a jere. Da aka gaji da shi aka miƙa shi elementare. Daga nan ya wuce makarantar horon malamai, kuma 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai aka tura shi wani ƙauye da ke bayan Kusasu, a gefen daji, inda Gbagyi da Hausawa ke noma gona kusa da gona. Ya tafi da amaryarsa Tasalla, da keke, da akwatin ƙarfe.

Makarantar ɗaki ɗaya ce ta jar ƙasa. Da gayya aka gina ta, shi ma Malam ya naɗe wando ya shiga cuɗa ƙasa. Tara yaran ya fi ginin wuya. Gida gida ya bi yana roƙo, nan a ba shi ɗa, can a ce ya dawo bayan kaka. Babban malami mai duba makarantun gunduma ya riga ya gaya masa a fili: ranar da ya zo ya tarar aji ya watse, za a rufe makarantar a haɗe ta da ta wani gari. Garin kuwa sai an haye rafi, kuma da damina ba uwar da za ta bar ɗanta ya haye shi. Malam Mu'azu ya san in aka rufe, karatun yaran nan ya ƙare ke nan.

A wani dogon hutu aka kira shi kwas a Zariya tare da malaman ƙauyuka. Ya tafi yana tsammanin zama a benci da kwafar allo. Sai ga shi an fitar da su fili, an nuna musu yadda ake gane tsawon bishiya daga inuwarta, da yadda yaro zai koyi lissafi da ƙafarsa kafin ya koya da alli. Malam ya ji kamar an kwance masa dabaibayi. Ya dawo gida a bayan akori-kura, rungume da doguwar igiyar rama wadda ya ƙulle ta a kowane yadi.

Tun daga nan ajinsa ya koma waje. Da hantsi sai a ga yara a jere suna bin sa zuwa bakin daji, kowa da allonsa a hammata. Su murza ganyen maɗaci su sansana, su gwada shi da na kaɗanya da na ɗorawa. Su zauna gaban suri suna zana yadda gara ke gini. Mata masu dawowa daga itace, da kaya a kafaɗa, sukan tsaya su yi dariya. Suka raɗa masa suna Malamin Yawo, shi kuwa yana amsawa.

Da aka gama girbin dawa ya ga lokacin koyar da awon fili ya yi. Gonar da ta fi kusa, kuma ta fi shimfiɗa, ta Baba Auta ce, wani dattijon Gbagyi mai jika a ajin, Naomi. Ranar Baba Auta ya tafi gaisuwar mutuwa wani ƙauye. Malam ya duba gona, ba komai cikinta sai kututturan kara. Ya ce a ransa, ai ba abin da za a ɓata. Ya feƙe sanduna ya kafa fegi a kowace kusurwa, yara suka ja igiya daga wannan zuwa wancan suna ƙirga ƙulli da ƙarfi. Rana ta yi zafi ba a gama ba, sai ya bar fegin a kafe, gobe a ƙarasa.

Gobe ta yi, ya buga ƙarfen makaranta, ba wanda ya zo. Ya sake bugawa. Akuya ce kawai ta leƙo ta koma.

Tasalla ce ta kawo masa labari daga rijiya. Ta dire tulu ta riƙe ƙugu.

"Malam, me ka je ka shuka a gonar Baba Auta?"

"Shuka kuma? Awo muka yi."

"To ai shi ke nan. Yau ko gaisuwata ba a amsa ba. An ce ba kwas ka je Zariya ba, ma'aikatan gandun daji ne suka kira ka suka ba ka igiya. An ce baɗi gandun daji zai iso har bayan coci."

"Ni? Ni da ko ɗan sandan En'e na gani sai gabana ya faɗi?"

"Ni na san ka. Su fegi suka gani."

Sai a lokacin ya tuna abin da ya sha ji a bakin tsofaffi bai riƙe ba. Tun zamanin Turawa wasu mutane suka zo da sarƙar awo, suka kakkafa fegi a hayin rafi, suka yi wa kowa fara'a suka tafi. Da shekara ta kewayo aka ce duk abin da ke bayan fegin ya zama gandun daji, ba noma, ba saran itace. Gonar doyar mahaifin Baba Auta tana ciki, har da kabarin kakansa. Tun daga ranar, a ƙauyen nan ba a kafa sanda a ƙasar wani. Ko turken akuya za ka kafa, sai ka yi sallama ka tambaya.

Ajin ya kwana biyu a bushe. Malam ya bi gidaje, a ba shi ruwa ya sha, a ce yara sun tafi aike. Ga shi an aiko cewa mai duba makarantu yana kewaye, ya riga ya iso ƙauyukan kusa. Tasalla ta lura tuwon dare yana dawowa kamar yadda ta kai shi.

Ranar kasuwa da la'asar mai gari Maikuɗi ya aika a kira shi. Zaure ya cika, Musulmi da Kirista, kowa ya ɗaure fuska. Baba Auta yana zaune kan buzu, fegin nan suna gabansa a ɗaure da ƙyalle kamar kayan sata da aka kama. Malam ya cire takalmi ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, na yi kuskure. Ya kamata in tambayi Baba. Amma wallahi darasi ne kawai."

"Waɗancan ma da suka zo da sarƙa cewa suka yi dubawa kawai suke yi," in ji wani daga baya.

"To a kawo wuta in ƙone igiyar a gabanku."

Baba Auta ya girgiza kai. "Igiya ba ta yi mini komai ba, ɗan nan. Igiya ta ɗaure kaya ce. Ni lambar nake tambaya. Kun auna, kun samu lamba. Ina ta tafi?"

"Baba, a allo aka rubuta, kuma an goge."

"An goge a allo. A kai fa?"

Malam ba ya son ƙarya. "Ni ban riƙe ba, Baba. Cikin yaran ma yawancinsu sun ɓata ƙirga. Naomi ce kaɗai ta samu tsawon daidai."

"Naomi tawa?"

"Ita."

"Wannan mai kunnen ƙashin? Wadda in na aike ta ɗauko taba take dawowa da gishiri?"

Aka yi 'yar dariya, ta farko tun da aka zauna. Baba Auta bai yi ba, amma ya gyara zama, ya shafa gemu. Mai gari ya ga ƙofa ta ɗan buɗe, sai ya sa baki.

"Malam, ba wanda ya ce kai mugu ne. Tare muka cuɗa ƙasar makarantar nan. Amma mutane ba za su ga fegi a ƙasa su yi barci ba. Ka mayar da yara cikin ɗaki, kowa ya huta."

Malam ya sunkuyar da kai. Ya san in ya ce to, gobe aji zai cika. Ya kuma san ajin da zai cika, yara na gyangyaɗi shi yana hamma. Ya dubi sandunan nan da ke gaban dattijon, ya daɗe yana dubansu.

"Ranka ya daɗe, in ban kafa komai a ƙasa ba fa?"

"Da me za ka riƙe igiyar?"

"Da yara. Yaro ya tsaya a kowace kusurwa. In an tashi, kowa ya tafi gidan ubansa ya ci tuwo."

Zaure ya ɗauki guna-guni. Wani ya ce ai gwamnati ba ta taɓa ƙwace ƙasa da fegi mai ƙafa ba. Wani ya ce nasa ɗan ba zai iya tsayawa wuri ɗaya ba ko an ɗaure shi. Mai gari ya juya ga Baba Auta, tunda gonarsa ce.

Dattijon ya ɗauki ɗaurin fegin ya sa a hammata ya miƙe.

"Waɗannan dai na ƙwace, zan hura wuta da su. Sauran kuma sai na kwana da shi."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Malam ya koma gida bai san matsayinsa ba.

Shekarun da Malam Mu'azu ya yi a ƙauyen nan suna da yawa. A can ya yi furfura, a can Tasalla ta haifi 'ya'yanta duka. Da aka buɗe makarantu ko'ina a shekarun saba'in, yara suka yi wa azuzuwa yawa, har sababbin malamai aka riƙa kawo masa a mota su ga yadda ake darasi a gindin bishiya, shi kuwa kunya ta hana shi kallon idonsu. Amma in ana hira aka tambaye shi ranar da ba zai manta ba, safiyar da ta biyo bayan zaman zauren nan yake faɗa.

Ya share aji da kansa, ya buga ƙarfe, ya tsaya a bakin ƙofa. Shiru. Har ya juya zai shiga, sai ya ji hayaniya ta bayan rumbuna. Baba Auta ne a gaba da sandarsa, Naomi na biye, sauran yaran a baya da allunansu, har da waɗanda Malam bai taɓa samun shawo kan iyayensu ba.

"Ina igiyar?" in ji dattijon, ko gaisuwa babu.

Malam ya ruga ya ɗauko.

"Bakin igiyar nan ni zan riƙe. In na ga ta nufi inda ban yarda ba, in saki. Ka ji?"

"Na ji, Baba."

Suka ɗunguma zuwa gona. Aka tsayar da yaro a kowace kusurwa, aka ce su ƙame. Naomi ta ja igiya, aji na ƙirga ƙulli da murya ɗaya. Baba Auta ya naɗe nasa bakin a hannu ya dafe shi a ƙirji, leɓensa na motsi, yana bin ƙirgar a hankali da yarensa. Can sai ya ɗaga sanda ya nuna kusurwar gabas.

"Malam! Fegin can naka yana tafiya!"

Aka waiga. Ɗan mai gari ne, Usman, ya hango fara ya bi ta, ya bar kusurwa ba kowa.

"Kai, ɗan Maikuɗi, koma wurinka! Za ka rage mini gona!" Ya juyo ga Malam yana huci. "A sake daga farko. Gobe kuma ka kawo su gonata ta bakin rafi, wadda na shuka gero a ciki. Ita ma ban san tsawonta ba."