Hannun Baba a Kan Bawul

Shekarar da fetur ya fi ƙarfin manoman fadama, ni na kai wa mahaifinmu gas a gonarsa ta albasa da ke bakin gulbi, ƙasa da Goronyo. A lokacin ina gyaran injinan ban ruwa a Wurno, kuma na koyi yadda ake juya injin ya bar shan fetur ya koma shan gas irin na girki. Aikin ba wuya. A canza kafireto, a jawo tiyo daga tukunyar gas, a tsakani a ɗaura wani ɗan bawul mai auna yawan iskar da za ta shiga. A cikinsa akwai siririyar allura da ke zama kan 'yar roba, a wajensa kuma akwai ɗan noti da ake murzawa don saiti. Ka buɗe da yawa, injin ya shaƙe ya yi ta tari. Ka rage da yawa, ya yi ta haki, ruwa na zuwa kamar na bakin buta. Abu ne mai son lallashi, da kan yatsa ake bi da shi.

To, Baba bai san lallashin ƙarfe ba. Masunci ne kafin ya zama manomi, kuma hannunsa bai taɓa mantawa da jan taru ba. In ya rufe jarka, sai dai a jira shi ya dawo ya buɗe. In ya ɗaure jaki, da wuƙa ake kwancewa. Muna yara ko kai ya shafa maka don jin daɗi sai ka ji wuyanka ya amsa.

Na saita masa bawul da kyau, na ce kada ya taɓa notin nan, in ya gama ban ruwa ya rufe daga kan tukunya kawai. Ya ce ya ji. Ba a yi nisa ba aka kira ni, injin ya ƙi tashi. Na hau babur na je, na kwance bawul, na tarar allura ta huda roba ta lotsa mazauninta. Na canza, na wanke 'yar matatar da ke tare datti, na sake saiti, na sake wa'azi. Ya sake cewa ya ji. Haka muka yi ta yi har na ƙare robobin da ke cikin akwatina na fara yanka na tsohon tiyo. Ni kuma Allah bai yi ni da dogon haƙuri ba. Na yi masifa a gona, na yi a hanya, na ƙarasa sauran a kan matata da ba ta san hawa ba balle sauka.

Yayana, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da ta Baba, shi ya yanke magana. Ya same ni ina haɗa kaya ya ce, "Kai, abin ga ya isa hakanan. A raba tsohon ga da injin kahin ya tashi hwadama da wuta. Ni ka ba albasatai ruwa, shi zamna gida shi huta."

Gaskiya ya faɗa, amma na san abin da hutun nan yake nufi. A wurinmu wanda ba ya ta da injin ba shi da sauran magana a gona. Na ga tsofaffin unguwarmu da aka ce su huta. Ana shimfiɗa musu tabarma a ƙofar gida, su yi ta kallon masu wucewa zuwa fadama, kafin damina biyu sun zama wasu mutane daban. Ban so wa Baba wannan tabarmar ba. Na roƙi yayana ya ba ni zuwa ƙarshen mako.

Ranar da na san Baba zai yi ban ruwa na tafi ba tare da an kira ni ba. Na iso da hantsi, fangalai sun sha sun ƙoshi, yana kashe injin. Na tsaya bayan wata bishiyar mangwaro ina kallonsa. Ya rufe kan tukunya yadda na koya masa. Sai ya laluba aljihu ya fito da filaya, ya kama ɗan notin nan nawa ya murɗe shi har na ji abin a haƙorina. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga ya durƙusa. Ya kai hancinsa kan bawul ya daɗe. Ya bi tiyo da hanci tun daga injin har tukunya, a hankali, ya dawo ya kara kunne, sannan ya sake ɗaukar filaya ya ƙara matsewa.

Ni kuwa daga inda nake tsaye warin gas ya cika mini hanci, kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Tiyon ya tsage kusa da maɗaurinsa, daidai inda ya gama shinshinawa.

Na fito na gaishe shi, na ce, "Baba, ba ka jin wari?"

Ya ce, "Warin mi?"

Muka kalli juna. Ya mayar da filaya aljihu, ya zauna a kan kunya, ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Hancin ya mutu, ɗan nan," in ji shi. "Tun masassarar da niy yi bara waccan. Ko taya anka ƙona gabana ban sani. Ga ɗiyan yayanka na tahowa nan suna wasa kusa ga tukunya. In abin ga na hita ban jiya ba, mi za ni ce ma Allah? Shi as sa nika matse shi."

Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona. Na juya na shiga kwance tiyo don kada ya gani.

Da na yanke wurin da ya tsage na ɗaure, na canza robar bawul, sai na ɗauko gwangwanin madara na kaɗa garin sabulu da ruwan rijiya. Na sassauta maɗauri da gangan, na buɗe gas, na ce ya shafa kumfa a wurin. Nan take ƙwayaye suka fara tasowa suna fashewa. Na matse kaɗan, suka kwanta. Baba ya yi dariya irin wadda na daɗe ban ji ba. Ya sa na sassauta, ya shafa, na matse, ya sa na sake. Da ya gamsu na ɗora yatsunsa kan notin, nawa a kan nasa, muka murza tare da injin na aiki, har muryar injin ta daidaita ruwa ya cika tiyo. Na ce nan ne wurinsa, na ɗiga fenti a kai. Filayar kuwa na karɓe ta, ya ba ni yana gunaguni.

Na ce wa yayana tiyo ne ya tsage, kuma na ƙwace filaya. Duka biyun gaskiya ne. Ya ga Baba da gwangwaninsa yana bin tiyo da kumfa kafin ya ja igiyar injin, ya girgiza kai, bai sake ta da maganar hutu ba.

Amma a ranar, muna komawa gida a kan babur, Baba ya dafa kafaɗata da hannun nan nasa mai nauyi ya ce in rage gudu.

"Kak ka hwaɗa ma innarka."

Na ce, "Don mi, Baba? Ita ma ai gara ta sani."

"Tun da anka kawo ta gidan ga, in ta aza tukunya nikan ce mata ƙamshin miyarta ya tarbe ni tun daga waje. Ta saba ji. Bar ta da abinta."

Muka iso ana kiran azahar. Yana sa ƙafa a zaure ya ɗaga kai, ya ja numfashi mai tsawo, ya ɗaga murya ya ce yau kam daddawar nan ta ji wuta, tun bakin masallaci ta kamo shi. Daga madafa Inna ta ce ya bar zaƙin baki ya je ya wanke ƙafafunsa, amma ina jin murmushi a muryarta. Na jingine babur, na tsaya a zaure ina gyara abin da bai lalace ba, har sai da idona ya bushe sannan na shiga.