Miyar Baba da babu gishiri

Gishiri Babanmu ke sayarwa a kasuwar Jega, irin mai tsakuwa da ake aunawa da kwano. Na tashi ina jin warin buhunansa a zaure, har yau kuma in na ji shi sai gida ya faɗo mini a rai.

Ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba Inna ta canza. Matar da ke gama daka kafin maƙwabta su hura wuta ta koma sai barci. Ana tsakiyar bazara, kowa na neman inuwa, ita tana ƙudundune cikin bargo. Muryarta ta dushe, wuyanta ya ɗan tasa. A asibiti suka ce wani ɗan nama ne a maƙogwaro ya rage aiki, suka ba ta ƙwaya ƙarama kamar tsabar gero, ta sha kullum kafin koko. Ta ji sauƙi sosai.

Lokacin ne ake ta shela a rediyo cewa gishirin da babu sinadarin aidin yana kawo maƙoƙo. Mutanenmu kuwa ba su raina abin magana. Mai gishiri, matarsa da kumburin wuya! Har a gaban idonsa ake zolayarsa. Baba ya tattara buhunansa ya koma gona. Daga ranar sai an ɗebe masa miyarsa kafin a sa gishiri. Ya ce bakinsa ne ba ya so. Ƙarya yake, duk mun sani.

Shekaru suka shuɗe a haka. An kai ni aure Aliero, inda gishirin leda mai aidin kawai nake saye, amma wata shekara ana cirar albasa na ji sanyi ya kama ni da rana tsaka. Ƙanwar Inna da ke Maiyama ma an sa ta kan ƙwayar nan. Da Baba ya ji nawa, kwana biyu bai iya duban fuskata ba. Wannan ya fi ciwon yi mini zafi.

Wani sabon likita ne ya tsaya ya saurare mu. Ya tambayi wa da wa ke da shi a dangi, ya ɗebi jinina da na Inna, ya aika can nesa. Muka yi makonni muna jira. Ranar da sakamako ya dawo, Baba ya sa babbar riga ya raka mu kamar mai zuwa gaban alƙali.

Likitan ya ce garkuwar jikinmu ce, wadda ke yaƙar cuta, ta juya kan ɗan naman nan. Abin yana bin dangi, kuma ƙwayar za mu ci gaba da sha.

Baba ya matso. "Likita, gishirina fa?"

"Baba, ko na leda suka ci tun haihuwa, da haka ta faru."

"Ashe ba ni na ba," ya faɗa a hankali.

Da la'asar Inna ta kawo masa tuwo da miyar kuka, tasa daban kamar kullum. Ya kai loma ɗaya, ya yamutsa fuska.

"Ke, miyag ga lami ta. Haka kuka barin mutum shina ci?"

Inna ta yi dariya har da hawaye. Ta miƙo masa gwangwanin gishiri.