Dokar Aike Ɗaya

Duk wanda ya zauna a unguwar Glenwood, can ƙasar Turawa, wajen 1996 ya san Anti Abibata, ko bai so ba. 'Yar zangon Kumasi ce, tana dafa abinci a gidan tsofaffi, kullum muryarta na riga ta isa wuri. Allah bai ba ta haihuwa ba, ita kuma ba mai zama ta yi tagumi ba ce. Ta je ofishin kula da yara ta nemi riƙo. Aka ba ta Christy, Baturiya 'yar shekara bakwai, da sharaɗin in yarinyar ba ta samu natsuwa ba za a ɗauke ta. Gidaje da dama sun riga sun mayar da ita.

To mu kuma ɗa na kowa ne, wato ɗan aiken kowa. Duk Asabar da muka taru a falon Anti, kafin Christy ta cire takalmi an ce ta kawo buta, ta rage wutar shinkafa, ta kira wani daga mota. Sai ta dawo da cokali, ko ta shige ƙarƙashin tebur ta toshe kunnuwa. Hajiya Hindou, mutuniyar Damagaram, ta ce taurin kai ne. Malam Chaïbou ya kawo rubutu a kwalbar lemo, Christy ta shanye ta ce a ƙaro.

Anti ta kai ta asibiti. Likita ya ce mahaifiyarta ta sha giya da cikinta, giyar ta taɓa ƙwaƙwalwar yarinyar. Ba ya warkewa, amma in ana faɗa mata abu ɗaya a lokaci ɗaya, za ta iya.

Anti ta tara mu ta ce, "Giya ce, tun tana ciki."

Hajiya Hindou ta dafe ƙirji. "Haba Abibata, ashe kina sha?"

"Hajiya, dubi yarinyar nan da kyau, ki dube ni. Ni na haife ta?"

Hajiya ta duba, ta ce ai ba a raina ikon Allah.

Maza suka ce mu da ba ma sha, ina ruwanmu. Anti ta ce, "Ba kwa sha, amma kuna aike." Nan take ta kafa doka: aike ɗaya, daga baki ɗaya. Wanda ya yi biyu ba shi ba shinkafa da wakenta. Malam Chaïbou ne ya fara komawa gida da yunwa. Daga nan Anti ta fita da maganar waje, a bas, a wurin wanki, duk mai cikin da ta gani sai ta ja mata kunne. Wata rana ta ja wa wadda ba ta da ciki, tun daga ranar Anti ta canza bas.

Ranar da matar ofishin ta zo duba Christy, falon cike yake. Wata baƙuwa daga unguwar Sedgefield, wadda ba ta san doka ba, ta ce, "Ke Christy, kawo buta, ki ɗauko jakata, then ki rufe window."

Christy ta tsaya cak tana kallon ƙarƙashin tebur. Na dubi Anti, tausayinta ya kama ni sosai. Sai yarinyar ta ɗaga wa baƙuwar yatsa.

"Ɗaya, Anti."

Falon gaba ɗaya ya amsa, "Ɗaya." Baƙuwa ta zaɓi buta, Christy ta je ta kawo buta.

Matar ofishin ta tambayi ma'anar kalmar. Hajiya Hindou ta yi mata bayani dalla-dalla, kamar ita ta kafa dokar. Matar ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce ba ta ga dalilin raba Christy da gidan nan ba.

Anti ta shiga kicin ta yi kukanta ta ƙoshi. Da ta fito, ta aike ni abu huɗu.