Hajara daga Tsallake

Ranar kasuwar Jibiya ce. Na buɗe ɗan asibitin haƙorina da ke kan hanyar iyaka, na dafa kayan aiki, na sha kunu a tsaye. Motocin hatsi sun yi layi har ƙofata.

Mutanen gari tsokanata suke yi, wai kafin in cire haƙori ɗaya sai na tambayi tarihin kakan mutum. Ban damu ba. Ba na taɓa bakin kowa sai na cika katinsa.

Wajen ƙarfe goma wata mata ta shigo da niƙabi, daga tsallaken Nijar. Ta ce sunanta Hajara. Na tambayi sunan mijinta, ta sunkuyar da kai. Matan ƙauye ba sa faɗin sunan miji, kuma da shi ake neman gida. Ta ce ƙanen mijinta ya tafi sayar da awaki, in ya dawo zai faɗa mini, har da sunan ƙauyen.

"Likita, hidda mini shi kawai in tahi, na baro ɗiya gida," in ji ta.

Katin bai cika ba, amma na ce ta buɗe baki in duba. Ta ɗage niƙabin iya hanci. Haƙorin ya ruɓe, amma ba shi ya tsayar da ni ba. Na ɗaga harshenta, na ga gyambo mai taurin baki a gefen hagu. Na shafa wuyanta, na ji kaluluwa kamar gurjiya, ba ta motsi. Irin wannan yana iya zama ciwon daji, kuma ba ya jira. Na zauna ina rubuta abin da na gani, ina neman kalmar da zan ce mata ta tafi babban asibiti a Katsina cikin satin nan ba tare da na firgita ta ba.

Sha ɗaya saura na ji rurin babura da yawa. Sai harbi. Gilashin tagata ya zube. Wani ya yi ihu a waje: "Ga 'yan bindiga nan! Ku gudu!"

Muka fita ta ƙofar baya. Muka bi lungu, muka faɗa gonar dawa. Ina jin numfashinta a bayana. Hayaƙin fetur ya tashi daga tasha. Wani dattijo ya faɗi a gabanmu, bai sake tashi ba.

A bakin rafi jama'a suka rabu. 'Yan Nijar suka yi arewa, mu muka yi kudu. Na waiwaya, na ga baƙaƙen niƙabai suna hawa gangare, ban san wacce ce ita ba. Na ɗaga murya: "Hajara! Ba haƙori ba ne! Ki je asibiti!" Harbi ya danne maganata.

Sai bayan la'asar na dawo gari.

Na yi watanni ina bin direbobin Maraɗi da 'yan dako da masu awaki. Kowa tambaya ɗaya yake mini: matar wa? Ban sani ba. Ƙanen mijin bai taɓa zuwa ba. Abin yana ci mini rai har yau. Damina biyu sun wuce, na kuma san abin da irin wannan gyambo yake yi a damina biyu.

Mutum huɗu muka binne daga layinmu a ranar. In an tambaye ni, biyar nake cewa.